Abincin Yawon Sallah: Ci Mai Zafi, Tambayi Mai Sanyi

Aikina duba-gari ne. Sunan da iyayenmu suka san mu da shi ke nan tun zamanin da ake leƙa randa da masai gida-gida, kuma ya fi mini daɗi a baki a kan dogon sunan da ke jikin takardar ɗaukata aiki. Na daɗe ina wannan aiki tsakanin Batsari da Safana, kuma babu lokacin da ƙafata ke shan tafiya kamar kwana ukun Sallah. Da an sauko daga Idi gari yake komawa kasuwar abinci. Daga ƙofar gidan Sarkin Ruma a Batsari har bakin tasha, haka kuma a Safana wajen ƙofar gidan Yarima, duk inda aka kafa lilo ko aka tara yara, sai ka ga tanda da kasko da tukuba sun kewaye wurin. Yaro ya tara barka da sallarsa a aljihun sabuwar riga, ba uwa a kusa, ba uba, shi da kuɗinsa da abin da idonsa ya gani.

Kowace shekara sai wani ya tare ni: "Malam, kai da ka san cikin kowace tukunya, me za mu ci?" Ba na cewa kowa ya kame bakinsa. Abincinmu na biki yana da daɗi, kuma masu sayar da shi da wannan cinikin suke ɗinka wa 'ya'yansu kaya. Abin da nake faɗa shi ne: duk abin da ya sauko daga wuta a kan idonka, ci da bismillah. Abin da ke da sanyi kuwa, tsaya ka yi tambaya kafin ya kai bakinka.

Idan ni ne da kuɗi a hannu da safiyar Sallah, gaban mai waina zan fara tsayawa. Ka ga ta ɗiga mai a gurbin tanda, ta zuba ƙullu ya yi caa, gefe ya fara ja ta juya da cokali. Wannan wainar babu abin tsoro a jikinta. Miyar nake dubawa. Miyar taushe da kabewa da gyaɗa, in tana kan garwashi tana tururi, a zuba mini har ta rufe wainar. In kuwa tun asuba aka sauke ta, ga shi rana ta take, man ya kwanta a sama, sai in ce a ba ni da ƙuli-ƙuli ko da sukari. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke koyarwa gajera ce: dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba wuta ba sanyi, domin tsakanin ma'aunin zafi 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. A 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah tana faɗowa a Maris da Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafinmu ke haura 40. Tukunyar da aka ajiye a irin wannan rana ba ta hucewa, ba ta kuma tafasa, tana nan a daidai inda cuta ke so.

Ƙosai, awara da soyayyen dankali duk hukuncinsu ɗaya da waina: daga kasko zuwa hannu. Dankalin Hausa da ake nomawa a ƙasarmu, in aka yanka shi da kauri aka soya aka barbaɗa yaji, ban san abin da ya fi shi arha da ƙosarwa ga yaro ba. Dafaffen rogo da ƙuli ma haka, sai dai in ka ɗanɗana ka ji ɗaci, tofar, kada ka ba yaro. Ɗacin rogo alamar guba ce da ke cikinsa, kuma ƙaramin jiki ba ya jure ta.

Sai tukuba. Tsire da balangu su ne sarakunan yamma, kuma mahautanmu sun iya aikinsu. Abu biyu nake roƙo. Ka zaɓi tsinkenka, ka ce a mayar maka da shi wuta har mai ya fara tsartuwa, ko da mai naman ya rantse yanzu ya sauke. Sannan ka kalli abin da zai naɗe maka. Takardar buhun siminti da tsohuwar jarida ba mazubin abinci ba ne, maiƙo yana jiƙa su ya kwaso abin da ke jikinsu. Yanzu da yawa sun koma farar takarda, kuma nakan yaba musu a gaban mutane don na kusa ya ji.

Inda zuciyata ba ta kwanciya shi ne wajen abin sha, kuma a nan ne yara suka fi zuba kuɗinsu.

Wata Sallah na bi wata yarinya mai tallan zoɓo har gida. Zoɓon ya yi kyau, ja wur, da ƙamshin citta da kanumfari. Uwar ta shimfiɗa mini tabarma, ta nuna mini tukunyar da ta dafa shi, fes. Na ce, "Inna, aikinki ya yi. To bayan kin tace, da wane ruwa kike ƙarawa?" Ta nuna jarkar ɗan garuwa. Na ce, "Robobin fa?" Ta ce yara ke tsinto mata su a tasha, ana ɗauraye su a baho. Na leƙa bahon. Ruwa ɗaya ne tun safe, ya yi kalar toka, robobi wajen talatin suna iyo a ciki. Ta ce, "Malam, ai na dafa shi sai da ya tafasa." Gaskiya ta faɗa. Wuta ta kashe duk abin da ke cikin tukunya, sannan ɗanyen ruwa da robar da wani ya sa wa baki jiya suka mayar da aikin baya. Ba mugunta ba ce, babu wanda ya taɓa zama ya nuna mata. Muka zauna na nuna mata: ruwan ƙari a tafasa shi tare da zoɓon tun farko, roba a wanke da sabulu da ruwan zafi a kife ta bushe, wadda bakinta ya yi baƙi a jefar. Itacen da za ta ƙara bai kai ribar roba biyar ba.

Ƙanƙara ma mutane suna yi mata kallon abu mai tsarki saboda sanyinta. Sanyi ba ya kashe ƙwayar kwalara ko ta taifot, ajiye su yake yi. Ƙanƙarar da aka daskarar da ruwan da ba a sani ba, aka ɗauko a buhu a bayan babur, aka fasa a ƙasa aka jefa cikin bokitin kunun zaƙi, ta zama ruwan da ka sha. Mai sayarwar da ta san aikinta tana jera robobinta a rufe cikin kula, ƙanƙarar tana gefe, ba ta shiga cikin abin sha. Wurin irinta nake tura 'ya'yana.

Kunun aya ya fi kowa saurin juyawa. Ba a dafa shi, ga dabino ga kwakwa ga zaƙi, in ya bar sanyi 'yan awoyi kaɗan yake yi. Ka buɗe roba ka ji ta yi tsit da iska, ko ka ga ya fara kumfa yana tsami, mayar. Da safe ake shan kunun aya, na yamma sai wanda ka tabbata bai fita daga firji ba. In ana son abin sha da babu fargaba, kunun gyaɗa da kunun tsamiya masu zafi suna nan, kuma babu lemon kwalbar da ya kama ƙafarsu wajen riƙe ciki.

Akwai kuma garin haɗa lemo da ake aunawa a ƙulle-ƙullen leda ba suna ba kwanan wata. Mu tuna abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti, wasu suna fitsarin jini, wasu suka rasu, bayan sun sha lemon da aka haɗa da wani gari da aka sayar musu da sunan ɗan tsami. Hukumar NAFDAC ta bi sawu ta kama kaya. Tun daga lokacin, duk ranar kasuwa nakan leƙa rumfunan masu kayan haɗi. Tsamiya tana nan, lemon tsami yana nan, zoɓo kansa da tsaminsa ya zo. Ban ga dalilin zuba wa yara hodar da ko mai sayar da ita bai san sunanta ba.

Fura da nono kuwa ba zan taɓa hana kowa ba, da ita aka yaye mu. Mutanen da suka taso a bakin dajin Rugu sun san nono mai kyau tun daga ƙamshin ƙwarya, duk da cewa rashin tsaron shekarun nan ya rage shanu, ya rage matan da ke shigowa da shi gari. Da nono ya yi tsada sai ƙari da ruwa ya yawaita, kuma ruwan ne abin tambaya. Na fi son kindirmo, domin ana dafa madararsa kafin a kwantar, dafuwar kuma tana kashe ƙwayoyin da ke bin ɗanyar madara, har da ta tarin fuka. A dama a gabanka, da ludayin da aka wanke, da ruwan da ka yarda da shi.

Ina matsawa a kan ruwa ne saboda na ga damina ta 2021. A shekarar kwalara ta kama mutum sama da dubu ɗari a Nijeriya, ta kashe fiye da dubu uku, kuma Katsina tana cikin jihohin da abin ya taɓa. Babbar Sallah yanzu tana zuwa ne a farkon damina, lokacin da ruwan sama ke wanke bayan gari ya zuba a rijiyoyin da ba su da murfi. Garuruwanmu kuma sun cika da 'yan'uwanmu da suka baro ƙauyukansu, ana layi a rijiya ɗaya, yara da yawa jikinsu ya riga ya yi rauni da ƙarancin abinci. Gudawar da babba zai yi kwana ɗaya ya miƙe, irin wannan yaron tana iya tafiya da shi.

In abin ya faru duk da haka, kada a jira gari ya waye. A sami ƙunshin gishiri da sukari na kemis, a narka a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce. In babu, a auna sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, a lita ɗaya. A riƙa ba yaro kurɓi-kurɓi, ko ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba, mai shan mama kuma kada a cire shi daga nono. A nemi ƙwayar zinc a asibiti, ana ba da ita kwana goma zuwa sha huɗu. Idan ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, ko fitsari ya ɗauke, ko aka ga jini, ko bayan gida ya koma fari kamar ruwan wankin shinkafa, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa a wannan sa'ar, ana tafiya ana ba shi ruwan a hanya.