Wayar Lantarki Ta Faɗi a Unguwa: Me Ya Kamata a Yi?

Da zarar damina ta kankama, iska kan karya falwaya, ko reshen bishiya ya tsinko waya ta faɗo kan hanya. Abin da ya fi jawo asarar rai a irin wannan lokaci shi ne zaton cewa babu wuta a jikinta, wai tunda unguwa ta yi duhu, ko tunda ba ta tartsatsi. Wannan zato kuskure ne. Ana iya maido da wuta ba sanarwa, kuma janaretan wani gida da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba yana iya tura wuta cikin layin.

Wutar da ke cikin gidajenmu ƙarfinta kusan bolt 230 ne, amma manyan wayoyin da ke zuwa taransifoma suna ɗauke da 11,000 ko 33,000. Irin wannan waya ce ta faɗa kan wani gidan kallon ƙwallo a Kalaba a watan Afrilun 2017, mutane da dama suka rasu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ba sai ka taɓa wayar ba za ta ja ka. Idan ta kwanta a ƙasa, wutar tana bazuwa cikin ƙasar da ke kewaye, ƙarfinta yana raguwa daga nesa. Idan ka yi taku mai faɗi, ƙafa ɗaya za ta sauka inda wutar ta fi ƙarfi, ɗayar inda ta yi rauni, sai ta shiga ta wannan ta fita ta waccan. Shi ya sa shanu suka fi saurin faɗuwa, saboda tazarar ƙafafunsu. Jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruwa kwance, rufin kwano da ƙofar ƙarfe duk suna ƙara haɗarin.

Don haka ka tsaya nesa, aƙalla mita 10. In ka tsinci kanka kusa, haɗa ƙafafunka, ka ja su a hankali ba tare da ɗagawa ba, har ka fita. A sa dattijo ɗaya ya tare hanya, a kori yara da dabbobi, a kira kamfanin wutar yankin, ko KEDCO ne, ko Kaduna Electric, ko NIGELEC a Nijar. A Najeriya akwai kuma lambar gaggawa ta 112.

In wayar ta faɗo kan motarka, zauna ciki, ka hana kowa matsowa. Sai in wuta ta kama motar za ka fita, kuma da tsalle, ƙafafu a haɗe, kada jikinka ya taɓa mota da ƙasa lokaci guda.

Mafi wahala shi ne ganin ɗan'uwa a manne da waya. Tausayi zai ce ka jawo shi, amma kada ka kuskura, ko da sanda ko gora, domin itace ba ya kare mutum daga babbar waya. Sai ma'aikata sun tabbatar an kashe layin. Bayan nan a garzaya da shi asibiti ko da ya miƙe yana cewa lafiyarsa ƙalau, saboda lantarki kan ƙona cikin jiki ya rikita bugun zuciya ba tare da alama a fata ba.