Yawon Buɗe Ido a Lakwaja: Darasi ga Ɗalibin Hausa

1.0 Gabatarwa

Idan an ce za a kai ɗaliban Hausa ziyarar ƙaro ilimi, nan da nan hankali yakan tafi Kano ko Katsina ko Daura. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa Lakwaja, babban birnin Jihar Kogi, shi ma makaranta ce ga mai nazarin Hausa, duk da cewa ba a ƙasar Hausa yake ba. Za a bi wuraren da aka saba kai baƙi ɗaya bayan ɗaya, tare da fito da abin da ɗalibin harshe zai ƙaru da shi a kowane wuri.

2.0 Mahaɗar Koguna Biyu

Yawanci daga bakin ruwa ake fara ziyara. A nan ne kogin Kwara, wato Neja, wanda ya taso daga ƙasar Gini, ya haɗu da kogin Binuwai da ya taso daga Kamaru. Masu kwalekwale sukan kai baƙi har inda ruwayen biyu suka gamu.

Wannan mahaɗa ita ce ta tara mutane a garin. Akwai Oworo da Nufawa da Bassa-Nge da Kakanda da Igbira da Igala, sannan ga Hausawa da fatauci da malanta suka kawo. Inda harsuna suka yi yawa haka, dole a sami wanda za a yi ciniki da shi, kuma Hausa tana cikin waɗanda suka ɗauki wannan nauyi. Sunaye ma shaida ne. Jihar da aka ƙirƙiro a 1991 an raɗa mata kalmar Hausa, wato "kogi". Sarautar garin kuwa "Maigari" ake ce mata.

3.0 Dutsen Patti

Daga bakin ruwa sai a hau Dutsen Patti, mai tsayin mita 450 da 'yan kai. Daga samansa ana hangen garin da kogunan biyu, kuma akwai gidan hutawa na Gwamna Lugga. Kalmar "pati" a harshen Nufanci tana nufin dutse ko tudu. Ke nan duk wanda ya ce "Dutsen Patti" ya faɗi abu ɗaya sau biyu cikin harsuna biyu. Irin wannan maimaici yana faruwa a sunayen wurare idan baƙi suka ari suna ba tare da sanin ma'anarsa ba.

'Yan jagora sukan ce a kan wannan dutse ne Flora Shaw ta kalli kogi ta ƙago sunan Nijeriya. Abin da ke rubuce shi ne, sunan ya fito cikin sharhin da ta yi a jaridar The Times ta Landan a Janairun 1897, kuma sai a 1902 ta auri Lugga. Ya kamata ɗalibi ya rubuta labarin baka yadda ya ji shi, sa'an nan ya gwada shi da shekarun da ke cikin littattafai.

4.0 Turawan Farko da Rubutun Hausa

A 1841 Ingila ta aiko da ayarin jiragen ruwa ta kogin Kwara, suka kafa gonar gwaji a wannan mahaɗa. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, aikin ya watse. Amma a cikin ayarin akwai mutum biyu masu muhimmanci ga fagenmu: Samuel Ajayi Crowther da wani Bajamushe ɗan mishan, J. F. Schön. Shekara biyu bayan tafiyar, a 1843, Schön ya buga littafin kalmomin Hausa. Ya biyo da nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885. Waɗannan suna cikin tubalan farko na rubutun Hausar boko.

Sai kuma likita William Baikie, wanda ya shigo kogin a 1854 yana ba mutanensa kwinin, ya koma ba tare da zazzaɓi ya kashe masa kowa ba. Ya dawo a 1857, jirginsa ya fashe kusa da Jebba, daga baya ya zauna a Lakwaja a ƙarƙashin ikon Sarkin Nupe Masaba. Ya tattara kalmomin harsuna da dama, ya fassara wasu sassan Baibul zuwa Hausa, ya kuma ziyarci Kano a 1862. Ya mutu a Saliyo a 1864.

A harabar makarantar Holy Trinity, wadda mishan ɗin Crowther ya kafa a 1865, ana nuna wa baƙi wasu ƙarafa da ake kira ƙarfen 'yanci. Labarin da ake bayarwa shi ne, duk bawan da ya gudo ya taɓa su ya zama ɗa.

5.0 Maƙabartar Sarakuna

Ranar 1 ga Janairu, 1900, a Lakwaja aka sauke tutar kamfanin Royal Niger, aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya shelanta mulkin Turawa a kan Arewa. Bayan haka garin ya zama wurin da ake kai sarakunan da aka tuɓe. Kaburburansu suna unguwar Kabawa, sunan da ke ɗauke da ɗafa-ƙeyar "-awa" irin ta Kanawa da Katsinawa.

Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu, ya rasa sarauta a 1903, ya rasu a Lakwaja a 1926. Haka nan Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ya rasu a can a 1924. Wannan suna ba baƙo ba ne ga duk wanda ya yi kwas ɗin rubutacciyar waƙa, domin shi ne mawallafin Tabarƙoƙo da Waƙar Diga. Wanda muke nazarin baitocinsa a aji, a bakin Kwara ya ƙare rayuwarsa, nesa da Zariya.

6.0 Aikin da ke Gaban Ɗalibi

Gani ya kori ji, amma ɗalibin harshe da kunne yake aiki. Ga abubuwa huɗu da ya kamata a yi yayin ziyara:

(a) A rubuta sunayen unguwanni da sarautu, a tambayi dattawa harshen da kowanne ya fito da ma'anarsa.

(b) A saurari Hausar kasuwa da ta bakin ruwa. Shin ana bambance jinsin namiji da na mace? Yaya ake furta ɓ da ɗ da ƙ?

(c) A tattara sunayen kifaye da na kayan su, a ware na Hausa da na aro.

(d) A nemi izini kafin a ɗauki muryar kowa, a kuma rubuta rana da wuri.

7.0 Kammalawa

An ga yadda Hausa ta bar sawu a Lakwaja ta hanyar fatauci da aikin 'yan mishan da kuma sarakunan da aka kai can. Sai dai waɗannan shaidu ba za su jira mu har abada ba. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun mamaye sassan garin, tsofaffin gine-gine suna lalacewa, dattawan da suka ji labari daga iyayensu kuma suna ƙarewa. Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da ta sa Lakwaja cikin wuraren da za ta kai ziyara, kowa kuma ya tafi da littafi da biro, ya kawo wa wannan mujalla abin da ya samo.