Yadda Za Ka Gane Babban Mazarin Kogi

Idan ka je bakin kogi neman babban mazari, kada ka bi shi da gudu. Nemi inda yake sauka. Wanda masana ke kira Ictinogomphus ferox, mai ratsin baƙi da rawaya, yakan zaɓi kan wani busasshen kara da ya leƙa bisa ruwa ya zauna. Daga nan yake zabura ya cafke ƙwaro a sama, sa'an nan ya komo kan karan nan dai. Da ka gano karan, zauna kusa ka jira shi.

Fara da duba idanu. Na wannan a rabe suke, da fili a tsakani. Wani babban mazarin kuma, Anax imperator, idanunsa a manne suke a saman kai, ƙirjinsa kore, namijin da shuɗin ciki, kuma shi da wuya ya sauka, yini yake yana shawagi. Sai ka dubi wutsiya: ta mai ratsi tana da kumburi dab da ƙarshe. Tsawonsa ya kai wajen santimita 7. In ka ga siririn da ke naɗe fikafikai a bayansa idan ya sauka, wannan wani dangi ne daban.

Je da hantsi, lokacin da rana ta ɗumama shi, domin da sanyin asuba ba ya tashi. Sa tufa mai duhu, matso a hankali a duƙe, kuma kada inuwarka ta faɗa masa. Ƙaramin motsin hannu ma ya isa ya kore shi. Ɗauki hoto ta gefe da ta sama, ka rubuta rana da wuri.

Abin da na fi so mutane su lura da shi shi ne busasshiyar saɓarsa a jikin ciyayin gaɓa. Ƙuruciyarsa duk a cikin ruwa yake yin ta, yana farautar ƙananan halittu a laka, kafin ya hauro ya fasa fata ya tashi. Ganin saɓar shaida ce cewa a nan yake hayayyafa.

Ba ya harbi, kuma yana cin ƙudaje da sauro, don haka a hana yara ɗaure shi da zare. Kai ma tsaya a gaɓa, kada ka shiga kwantaccen ruwa saboda tsargiya.