Amsoshin Tambayoyinku: Wace ciyawa ce ke jure inuwa?

Tambaya: A tsakar gidanmu akwai mangwaro da darbejiya, ƙarƙashinsu kuwa ƙasa ce fayau. Na sayo ciyawar ado daga Kano na dasa, ta yi ruwan ɗorawa ta mutu. Shin akwai ciyawarmu ta gida da za ta jure inuwa, ta kuma ƙawata wuri? Daga wata uwargida a Basirka, ƙaramar hukumar Gwaram.

Amsa: Akwai, kuma kina wuce ta kullum a bakin hanya. Kyasuwa ce.

Na san za ki ce ai wannan abincin dabbobi ne, manomi ma nome ta yake yi. Haka ne. Amma ki duba gindin tsamiya ko na kanya a watan Satumba, inda sauran ciyayi suka ja da baya, za ki tarar da ita ta yi cincirindo, kawunanta masu laushi kamar gashin mage, ja-ja-ja da sirkin shunayya, iska na kaɗa su. Cikin ciyayin ƙasarmu, kaɗan ne suka kai ta haƙuri da inuwa. Irin ciyawar da ake shimfiɗawa a filin ƙwallo, kamar kiri-kiri, rana take so, kuma ina zaton danginta kika sayo.

Sai dai inuwa suna ta tara. Ta mangwaro mai duhu ce, ga saiwoyinsa na shanye ruwa, don haka dab da kututture ko kyasuwar ba za ta yi ƙwari ba. Ki matsa zuwa inda rassa suka ƙare, wurin da hantsi ke taɓawa. Darbejiyar kuma a sassabe mata ƙananan rassa haske ya ratso. Da gawo ne a gidan da kin huta, shi da ke zubar da ganye da damina.

Irin kyasuwa ba na saye ba ne. Da kaka, wajen Oktoba, ki sa yara su tsinko kawunan da suka nuna, ki adana a buhu inda babu laima. Idan ruwa ya zauna a watan Yuni, a kafce ƙasa sama-sama, a gauraya da ruɓaɓɓen taki, a watsa. Kada a binne shi da zurfi, ƙwayoyin ƙanana ne.

Ga aibinta: ba ta wuce shekara guda. Da hunturu ya kama sai ta bushe, kuma busasshiyar ciyawa kusa da madafa haɗari ce, ga maɓoyar maciji. Ki yanke ta ki ba tumaki, irin da ya zube zai tsiro da kansa baɗi. Awaki kuwa, in ba ki yi ɗan shinge ba, su za su riga ki ganin adon.

In kina son wadda ke daɗewa, ki ɓanɓaro tushen gamba da damina ki dasa a gefen da ya fi samun rana, nesa da bangon ɗaki, don tana iya kai mita 3. Ki riƙa rage ta. A Ostireliya, inda aka kai ta domin kiwo, ta gagari mutane har gwamnati ta sa ta cikin miyagun ciyayi na ƙasa a 2012.

Tofa kam, komai kyan farin furenta, kada ki bari ta shigo miki gida. Saiwarta na bin ƙarƙashin ƙasa, kuma fitar da ita sai an sha wuya.