Darasi na Tara: Haɗa Na'urori da Marabar Sadarwa ta Itanet

Gabatarwa

Malamin da aka tura makarantar da ke da ɗakin kwamfuta zai iya wayar gari ya ga an damƙa masa makullin ɗakin, ko da kuwa Hausa ya karanta. Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta, ɗakunan irin wannan suka zama wurin da makomar yaro ke rataye. Kwamfuta guda ta yanke daga sadarwa ana tsakiyar jarrabawa ba ƙaramin tashin hankali ba ne ga wanda ke zaune a gabanta. Wannan darasi zai duba yadda ake haɗa na'urori ta waya, da kuma wuraren da aka fi yin tuntuɓe.

Ma'anar Itanet da Marabar Sadarwa

Idan aka ce Itanet, ana nufin tsarin da kwamfutoci na gini ɗaya ko harabar makaranta ɗaya ke bi wajen aika wa juna saƙo ta waya. Kada ɗalibi ya rikita shi da intanet, wanda ya game duniya. Sunayen ne kawai suka yi kama a bakin Bahaushe. Robert Metcalfe da abokin aikinsa David Boggs ne suka ƙago shi a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Kalifoniya ta Amurka, aikin da ya faro a 1973.

Ita kuwa marabar sadarwa, wadda masu sana'ar ke kira suwic, akwati ce mai jerin kafofi, galibi 8 ko 16 ko 24 ko 48. Kowace na'ura tana da wayarta ta kanta da ke zuwa kafa guda. Marabar tana lura da lambar shaidar kowace na'ura da kafar da take, saboda haka idan saƙo ya zo sai ta miƙa shi ga mai shi kaɗai. Wato dai aikinta ya yi kama da na mai unguwa da ya san gidan kowa, ba sai ya sa an yi shela ba.

Wayar da Sirrin Tufkarta

Idan aka feɗe rigar wayar Itanet za a tarar da siraran wayoyin tagulla guda 8, an tufke su bibbiyu, tagwaye huɗu ke nan: ruwan lemo, kore, shuɗi da ruwan ƙasa, kowace launi da abokiyarta fara mai ratsin launin. Tufkar ba ado ba ce. Tagwayen biyu suna ɗauke da saƙo guda ne ta fuskoki masu akasin juna, don haka duk hayaniyar lantarkin da ta faɗo musu daga waje tana shafar su daidai wa daida, sai na'urar da ke karɓa ta soke ta. Da zarar an warware tufka, wannan kariya ta tafi. Shi ya sa ƙa'ida ta hana a warware fiye da milimita 13 a bakin waya.

Nau'in Cat5e yana ɗaukar gudun megabit 1,000 a daƙiƙa, Cat6 kuma ya fi shi juriya. Dukkansu iyakarsu mita 100 ce daga maraba zuwa na'ura, mita 90 a cikin bango, sauran 10 na gajerun wayoyin da ke kowane ƙarshe. A kasuwa akwai wata waya mai araha wadda alminiyam ce aka shafa mata tagulla. Tana saurin karyewa, tana kuma ɗaukar zafi idan aka tura wuta ta cikinta. Kankare ta da wuƙa kaɗan yana tona asirinta, domin farin ƙarfe zai bayyana. Araha dai ba ta ado.

Jeranta Launuka

A nan ne mai koyo ya fi faɗuwa. Kan roba da ake matsewa a bakin waya, mai suna RJ45, yana da gurabe 8. A tsarin T568B, wanda aka fi yawan gani, jerin daga gurbi na 1 shi ne: fara mai ratsin lemo, ruwan lemo, fara mai ratsin kore, shuɗiya, fara mai ratsin shuɗi, koriya, fara mai ratsin ƙasa, sai ruwan ƙasa. Tsarin T568A yana musanya wurin lemo da kore ne kawai. Kowanne daidai ne, muddin gini guda ya tsaya a kan guda.

A lura da yadda tagwayen kore suka rabu, ɗaya a gurbi na 3 ɗaya a na 6, shuɗi ya shiga tsakaninsu. Mai koyo yakan ga wannan kamar rashin tsari, sai ya jera kowace launi kusa da abokiyarta, ya yi haka a bakin biyu, yana ganin ai tunda sun dace da juna ba laifi. Abin da ke yaudararsa shi ne fitilar maraba za ta kama, ƙaramar na'urar gwaji ma za ta nuna wayoyi 8 duk sun isa. Amma gurbi na 3 da na 6 aiki guda suke yi, ga shi ya ba su wayoyin da ba a tufke tare ba. Gajeriyar waya tana iya rufa masa asiri. Doguwa kuwa saƙo zai riƙa lalacewa a hanya, kwamfuta ta yi ta jan ƙafa, a yi ta zargin ta alhali ba ta da laifi.

Haka kuma gudun megabit 100 gurabe huɗu kawai yake amfani da su, wato 1 da 2 da 3 da 6, amma na 1,000 yana buƙatar duka takwas. Don haka idan kwamfuta guda ta tsaya a kan 100 sauran suna kan 1,000, a fara duba matsin bakin wayarta. A da, haɗa maraba da maraba sai da waya ta musamman mai giciye. Yawancin na'urorin yanzu suna gane wannan da kansu.

Shimfiɗa Waya

Ana bin bango da waya a cikin bututun roba, nesa da wayar wutar lantarki, ba tare da an lanƙwasa ta da ƙarfi ko an danne ta da ƙusa ba. Ɓera yana son rigarta ƙwarai. A rubuta lamba iri ɗaya a bakinta biyu tun ranar farko. Tsakanin gini da gini kuwa zaren gilashi ya fi dacewa, domin tagulla tana iya kwaso ƙarfin tsawa da damina ta ƙone kafofin maraba.

Akwai kuskure guda da yaro mai son gyara yakan yi. Ya ga bakin waya yana reto, sai ya cusa shi a wata kafa, alhali ɗaya bakin yana jikin marabar nan. Saƙon shela sai ya yi ta zagaye ba iyaka, fitilu duka su riƙa ƙyaftawa tare, ɗakin gaba ɗaya ya tsaya cik. Manyan marabu suna da kariyar da Radia Perlman ta ƙago a 1985, amma ƙanana masu araha da yawa ba su da ita. Maganin a nan shi ne a riƙa zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya har fitilun su lafa.

Aikin Yi

1. Bayyana da Hausa, kamar ga ɗan aji ɗaya na babbar sakandare, dalilin da ya sa waya za ta ci gwaji amma ta ƙi aiki sosai.

2. Darasin ya kira suwic “marabar sadarwa”. Kawo wani suna da kake ganin ya fi dacewa, tare da hujja.