DARASINMU: Bayan An Tashi Daga Zaman Makoki

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi abin da babu gidan da ba ya shiga, wato rasuwar uwa ko uba, da kuma abin da kan biyo baya tsakanin 'ya'ya.

Ke da kike Zango ko wani gari na masarautar Daura, kin san yadda abin yake. Tsoho ya rasu, an yi kwana uku ana ta'aziyya, 'yan'uwa sun zo daga Baure, Sandamu, Mai'aduwa, har daga tsallaken iyaka a ƙasar Damagaram. Da an naɗe tabarmi sai maganar gona ta taso. Kafin damina ta faɗi, ɗakin uwargida da na amarya sun daina gaisawa.

1. Kuka halal ne, amma da iyaka

Kada wani ya ce miki zubar da hawaye rashin tawakkali ne. Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da aka hana shi ne kururuwa, marin fuska, yaga tufa, da furta maganar da ke nuna rashin yarda da ƙaddara.

Dubi Ummu Habiba (RA), matar Annabi (SAW). Da mahaifinta Abu Sufyan ya rasu, bayan kwana uku ta sa aka kawo mata turare ta shafa, alhali ba ta sha'awarsa. Ta yi haka ne don ta ji Annabi (SAW) ya iyakance zaman baƙin ciki da kwana uku ga kowane mamaci, in ban da miji, wanda ake yi wa takaba wata 4 da kwana 10. Zuciya za ta ci gaba da ciwo, wannan ba laifi ba ne. Amma ki tashi ki yi wanka, ki kula da maigidanki da yaranki, ki mayar da kewar ta zama addu'a.

Haka kuma, da Ja'afar ɗan Abi Ɗalib (RA) ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, umurni aka bayar a dafa wa iyalinsa abinci. Mu kuwa mukan bar masu makoki da hura wuta, wani lokaci ma daga rumbun marayu ake ɗibar geron.

2. Abin da ake fara cirewa

Kafin a ce gado, akwai matakai uku a jere: kuɗin likkafani da binnewa, sai biyan bashi, sai wasiyya. Bashi ya haɗa da sauran sadakin matarsa idan bai cika ba. Wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yi wa magaji. Awakin da mahaifiyarki ta saya da kuɗin adashinta, da kayan ɗakinta, nata ne, ba sa shiga cikin rabo.

Ga wani wuri da ake yawan rigima: "Ai Baba ya ba ni gonar nan tun yana da rai." A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, kyauta ba ta tabbata sai wanda aka bai wa ya karɓe ta ta koma hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. In ba a yi haka ba, gona ta koma cikin gado.

3. Rabonki Allah ne Ya yanka miki

Bayan yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, matar Sa'adu ɗan Rabi'u (RA) ta kawo 'ya'yanta mata biyu wurin Annabi (SAW), ta ce baffansu ya kwashe dukiyar ubansu duka. Ta kai ƙara, kuma ba a ce ta yi rashin kunya ba. Ayar gado ta sauka, aka bai wa 'yan matan biyu cikin uku, uwarsu ɗaya cikin takwas, ragowar ta zama ta baffan. Ki nemi malama ta karanta miki aya ta 11, ta 12 da ta 176 a Suratun Nisa'i, ko babin gado a cikin Risala.

Ga misali. Mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata 2, 'ya'ya maza 2, mata 3. Bayan bashi da wasiyya, abin da ya rage ya kai naira 800,000. Matansa za su ɗauki tumuni, naira 100,000, kowace 50,000. Ragowar 700,000 a kasa ta 7: kowace 'ya 100,000, kowane ɗa 200,000. Lura, da kai ake rabo, ba da ɗaki ba. Ɗan amarya da ɗan uwargida daidai suke, jinjiri da mai furfura daidai suke. Wadda ke aure a Nijar ma rabonta na nan. In akwai mai ciki, a jira ta haihu.

Sau da yawa akan ce wa mace, "Ke da ke gidan miji me za ki yi da gona? Bar ta a gandu." In kin bari da daɗin ranki, kin sami lada. Amma a fara auna miki naki ki san iyakarsa, sannan ki ba Yaya aro ko haya a gaban shaidu, a rubuta. Gonar da aka ƙi rabawa yau, jikoki ne za su yi shari'a a kanta gobe, lokacin da dattawan da suka san iyaka sun ƙare.

4. Kada ki zama mai hura wuta

Idan mahaifin maigidanki ne ya rasu, to ki kama bakinki. Zugar cikin ɗaki, irin su "kai kaɗai ka yi jinya", ta raba gidaje da yawa. Ki tuna sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Matan tsoho kuwa a bar su su gama takaba a ɗakunansu, kada a fara zancen sayar da gida a kansu. Jikokin da ubansu ya riga kakansu rasuwa ba su da gado in akwai baffanninsu, amma aya ta 8 ta Suratun Nisa'i ta kwaɗaitar a ba irinsu wani abu, da magana mai daɗi.

In an sami saɓani, a fara da dattawan gida da liman, sannan mai unguwa, dagaci, hakimi. In ya faskara, a je Kotun Shari'a alƙali ya raba. Zuwa kotu don neman haƙƙi bai halatta ƙauracewa ɗan'uwa fiye da kwana uku ba. Ki je sunan gidansa, ki duba matarsa in ba ta da lafiya.

Aikin gida: a wannan mako ki ziyarci ƙawar marigayiya mahaifiyarki ko ƙanwar mahaifinki, ko da da ƙwaryar fura ce. Sada zumunci da mutanensu yana cikin biyayyar da ta rage miki gare su.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya haɗa kan zuriyarsu, Ya sa mu cika da imani. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.