Sabon Tsarin Lasin Tuƙi: Abin Da Ya Kamata Direbobi Su Sani

A da, kowace jiha ita ke ba da lasin tuƙi nata, tana kuma ajiye labarin direbobinta cikin kundi. Saboda haka direban da aka karɓe wa lasin a wata jiha sai ya tsallaka maƙwabciyarta ya yanki sabo, babu mai ganewa. Bayan da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, sai aka mai da lasin iri ɗaya a duk Tarayya. A 2011 kuma aka fito da wanda ake ɗaukar hoton mutum da zanen yatsunsa, a zuba cikin kwamfuta.

Hukumomi uku ke da hannu cikin aikin. Jami'an VIO su ke gwada mutum a tuƙi, hukumar haraji ta jiha tana lura da kuɗi, Hukumar Kiyaye Haɗurra kuwa ita ke buga katin, ita ke riƙe da rajista. Mai neman lasin karo na farko lalle ya cika shekara 18, ya kuma bi ta makarantar koyon tuƙi wadda hukuma ta amince da ita. Tun ƙarshen 2020 ana neman lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN. Lasin yana aiki shekara 3 ko 5, gwargwadon wanda mutum ya biya.

To, abin lura shi ne, yanzu sunan da ke cikin rajista shi ne lasin, kati shaida ce kurum. Mutane da yawa sukan miƙa wa 'yan kamasho kuɗi da ƙaramin hoto, bayan kwana biyu a kawo musu kati mai sheƙi. Wanda duk bai je da kansa an ɗauki yatsunsa ba, jabu ke aljihunsa, ko da kuwa ya biya ninkin kuɗin gaskiya. Galibi sai ran da aka tsai da shi a hanya, ko ya je sabuntawa, sa'an nan asiri ya tonu.

Binciken ba shi da wuya. Direba ya buɗe shafin intanet na lasin tuƙi na hukumar, ya rubuta lambar lasinsa da ranar haihuwarsa. In na gaskiya ne, labarinsa zai fito. In bai fito ba, ko an ɓata rubutun sunan, sai ya tafi ofishin lasin mafi kusa. Ana shawartar masu motocin haya su zauna da direba su yi wannan bincike tare kafin su danƙa masa makulli.